Soket a Gefen Gado

Kafin in ci gaba, bari in amsa wa masu turo min saƙo. Wata ta ce wai wace irin amarya ce ni, an sa min rana amma rubutuna kamar na wadda aka aiko wa saƙon mutuwa. Wata kuma ta ce in ba na son mutumin ne in fito fili in faɗa. Ina son sa, 'yar'uwa, son da har tsoro yake ba ni. Matsalar daban ce, kuma yau zan faɗe ta. Wadda ta san dariya za ta yi, ta yi abarta yanzu ta gama, don ni na daɗe da daina ganin abin dariya a ciki.

Minshari nake yi.

Ba ɗan minsharin gajiya ba, wanda za a taɓa ƙafarka ka gyara kwanciya ya wuce. Yayata, da muka yi zaman ɗaki ɗaya kafin ta yi aure, ta ce in na fara sai ka rantse babbar mota ce ta maƙale a hawa. Can kuma sai in yi ɗif, ba shiga ba fita, har ta taso ta kara kunne a hancina, sannan in ja wani dogon gurnani in ɗora daga inda na tsaya. Ni ban san ana yi ba. Abin da na sani shi ne kullum da ciwon kai nake tashi, bakina a bushe ƙamas, kuma duk inda na zauna sai barci ya sace ni, ko a mota ne ko ana tsakiyar hira.

In Yaya ta yi ƙorafi sai Umma ta ce, "Gado ne, haka Babanku yake." Baba kuwa a cikin barcinsa ya tafi, Allah Ya jiƙansa. Amma a gidanmu ba a haɗa maganganun nan biyu a zama ɗaya.

A shagon labule nake aiki, ni ce a kan babban keken ɗinkin nan mai wuta wanda in ka taka ba ya jiran kowa. Wata rana da hantsi ina jan bakin wani labule mai nauyi, idona ya rufe, ƙafata kuma ba ta ɗaga ba. Allura ta shiga yatsana ta fita ta farce. A asibiti likita ya tambaye ni garin yaya, na ce barci, ya ajiye biro ya kalle ni da kyau. Daga nan aka tura ni gwajin barci, aka kwantar da ni da wayoyi a jiki. Sakamakon ya nuna maƙogwarona ne yake rufewa in na yi barci, numfashina ya tsaya, jikina ya firgita ya tashe ni ba tare da na sani ba, haka har gari ya waye. Wato duk shekarun nan kwanciya kawai nake yi, ba barci ba.

Maganin kuwa inji ne, suna ce masa CPAP. Bai kai kwalin takalmi ba, da ɗan tankin ruwa a gefensa. Doguwar tiyo ta fito daga jikinsa ta haɗu da takunkumin roba mai rufe hanci, sai igiyoyi da ake zagayawa ta ƙeya a ɗaure. Aikinsa ya yi ta hura maka iska don kada hanyar ta rufe. Ranar da na fara sawa na tsaya gaban madubi, Yaya tana bayana. Ta danne, ta danne, ta kasa, ta fashe da dariya har da riƙe ciki tana cewa, "Wayyo Auta, 'yar giwa!" Ban san lokacin da dariyar ta koma kuka ba, sai ganinta na yi tana share ido da bakin mayafi.

Kai jama'a, na sha wuya a farkon nan. Iskar kamar ka leƙa kai ta tagar mota tana gudu. Ina son fitar da numfashi, ita tana turo min nata. In na buɗe baki sai ta kwararo ta nan fuuu, ko kalma ɗaya ba ta fita daidai. In na juya sai takunkumin ya goce, iska ta riƙa busa min ido. Da safe cikina a kumbure, ga gyatsa ba ji ba gani. Sau da yawa kuma sai in farka in tarar da shi yashe a ƙasa yana ta hura wa darduma iska, ni kuwa ban san lokacin da na fizge shi ba. Don kada ya goce sai na riƙa tamke igiyoyin iya ƙarfina. Shi ke nan na samu sabon ado, layi biyu jajaye a kumatu da ba sa ɓacewa sai rana ta yi tsaka, da ɗan gyambo a karan hanci.

Da na koma asibiti, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da masu irin injina, wadda kowa ke ce wa Sista, ta tambaye ni yaya nake ji da shi.

"Lafiya lau, Sista, ina sawa kullum."

Ta duba kwamfutarta ta yi murmushi. "Ƙanwata, injin nan ba ya rufa wa kowa asiri. Yana faɗa min lokacin da kika sa da lokacin da kika cire. Ko barcin farko ba kya kaiwa."

Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta kamo haɓata ta duba kumatuna. "Wa ya ce miki ɗaure buhu ake yi? Ki sassauta, in ya matsu da yawa ma ya fi zubar da iska." Ta nuna min yadda zan sa ya fara a hankali ya riƙa ƙaruwa bayan barci ya ɗauke ni. Ta ce in riƙa sa shi da rana idona biyu, ina kallo ko ina ɗinkin hannu, har jikina ya daina ɗaukarsa abokin gaba. Ina shirin fita ta ce, "Kina da aure?"

"An sa rana."

"Madalla. Ki zo min da shi in yi masa bayani, wanda zai kwana kusa da injin nan ya kamata ya san shi."

Wanda take magana a kansa kuwa bai san komai ba.

Injiniya nake ce masa, haka kowa ke kiransa. Aikin wutar lantarki yake yi, a shagonmu ma muka haɗu da ya zo sake mana wayoyin wuta. Shi kuma Telata yake ce min. Mutum ne mai tsari har ya yi yawa: rigarsa a goge ko da soro zai hau, abin gwada wuta a maƙale a aljihun gaba, magana a hankali kamar yana awonta. Kuma kunne ne da shi na bala'i. Da bakinsa ya faɗa min agogon bango ma sai ya cire masa batir kafin ya iya barci. Saboda haka ne ya gina gidanmu a can ƙarshen layi inda mota ba ta bi. Ya yi falo, ya yi ɗan ƙaramin ɗaki da ya ce na kekena ne, ya yi ɗakin kwana ɗaya ƙato.

"Ni ban yarda da ɗakin mata daban na miji daban ba," in ji shi. "A haka na ga iyayena sun tsufa kamar maƙwabta. Mu ɗaki ɗaya, ko mun yi faɗa dole mu shirya kafin safe. Kuma waya ba za ta kwana da mu ba, a falo za ta yi caji."

Lokacin da ya faɗi haka daɗi ne ya kusa kashe ni. Ban san da bakinsa yake haƙa min rami ba.

Umma kuwa tun ranar da injin ya shigo gida ta kafa doka. Ta samo wani ƙyalle mai ado ta lulluɓe shi, in an yi sallama kuma kafin a amsa ta cusa shi cikin durowar kaya.

"Kada ki kuskura ki faɗa masa," ta ce. "Kin ji ni ko?"

"Umma, ai zai gani."

"Ya gani bayan an ɗaura. Lokacin ke matarsa ce, dole ya haƙura."

Yaya da ta zo wuni ta ce, "Haba Umma, wannan ai cin amana ne."

"Ke rufe min baki! Kin san mutane kuwa? Ba za su ce minshari take yi ba, cewa za su yi da inji take numfashi. Kafin yamma labari ya kai wa danginsa cewa an lallaɓa an ba shi majinyaciya. In ya janye, wa zai zo? Ke kina ɗakinki, ita fa?"

Na so in ji haushin Umma, amma muryarta rawa take yi. Tsoro ne ke cin ta, kuma tsoron nan nata ina da irinsa a cikina.

Haka na shiga wasan ɓuya. In zai zo da safe ya sauke ni shago, sai in laɓta hoda in ja mayafi ya rufe gefen fuska. Wata rana a mota ya dube ni ya ce, "Telata, me ya same ki a kumatu?"

"Filo ne."

"Filon naku mai layi biyu ne, dama da hagu daidai wa daida?"

Na yi dariyar yaƙe na ce ya kalli hanya. Ya kalli hanyar, amma na ga bai yarda ba.

Abin da ya ƙara dagula min lissafi shi ne injin ya fara aiki. Na bi maganar Sista. In na dawo daga shago sai in kulle ƙofa, in sa takunkumin, in zauna ina ƙulla bakin labule da hannu. Na sassauta igiyoyin, na samo ragowar yadi mai laushi na ɗinka musu riga don kada su ci min fata. Sannu a hankali iskar ta daina zama faɗa. Sai wata safiya na farka na ji wani abu ya ɓace, na yi ta laluben ko mene ne, ashe ciwon kan ne babu. Takunkumin yana fuskata. Ranar na wuni a kan keke ban yi gyangyaɗi ko sau ɗaya ba, har uwar ɗakina tana tambaya ko wani abu na sha. A banɗakin shago na tsaya na yi kuka, don ban taɓa sanin haka sauran mutane suke tashi ba.

Tun daga ranar na san ba zan iya rabuwa da shi ba. Ba na son ganinsa, ba na son ƙamshin robarsa, na gaji da wanke shi da shanya tiyo a bayan ƙofa kamar kayan sata. Amma ba zan koma waccan rayuwar ba.

To jiya da hantsi ina shago saƙon Injiniya ya shigo, hotunan bangon gidanmu ne, duk ya zane su da alli.

"Telata, ga inda na sa soket da makunnai. Jibi da sassafe birkila zai shafe bango. In akwai gyara ki faɗa yanzu, in an shafe an shafe."

Na buɗe hoton ɗakin kwana na ja shi da yatsa. Soket ɗaya ne tak, can bakin ƙofa. Bangon da kan gado zai jingina kuwa fes yake, ko ɗigon alli babu. Na rubuta na goge, na rubuta na goge, daga ƙarshe na tura:

"Ya yi kyau sosai. Amma ka sa min ɗaya a gefen gado, ɓangarena."

Nan take ya amsa. "Na gano ki! Ai mun gama wannan maganar, waya a falo."

"Ba don waya ba ne."

"Don me?"

"Fitila."

"Na sa fitilar bango, makunninta daidai hannunki."

"To ko don turaren wuta na lantarki."

"A kusa da kanki? Ki shaƙe?"

Kun ji fa, ki shaƙe. Na kalli kalmar har idona ya cicciko. Kafin in samo wata ƙaryar wani saƙon ya shigo.

"Wa za ki riƙa yi wa hira ne ina barci?"

Ya sa fuskar dariya a ƙarshe, amma na san shi, ba dariyar yake yi ba. Tun maganar kumatun nan yake tara abubuwa a ransa, yanzu ga wani ya ƙaru. Ina ɓoye ciwo, shi kuma yana can yana zargin wani abin da ya fi ciwon muni.

Da na koma gida na nuna wa Umma. Ko a jikinta. "Sai me? Ki sayi doguwar waya ki bi da ita ƙarƙashin kafet."

"Umma, mai aikin wuta zan ɓoye wa waya a ƙarƙashin kafet?"

"To ki bar injin a nan, ki yi watan amarcinki, in kin zo wuni ki riƙa sawa."

"In bar shi in yi masa minshari, mutumin da agogo ke hana shi barci? In numfashina ya tsaya fa?"

"Ba abin da zai same ki, shekara nawa kina yi?"

"Baba ma shekara nawa ya yi yana yi?"

Wallahi ban shirya faɗa ba, fita kawai ta yi. Umma ta kalle ni kamar na mare ta. Ta tashi ta shige ɗakinta ta turo ƙofa, har na kwanta ba ta fito ba.

Yau bayan azahar na kira Yaya na ce ta zo ta raka ni auna tagogin sabon gida. Na sa doguwar rigata ruwan toka da mayafi baƙi, ban shafa hoda ba. Na zubar da ruwan tankin, na naɗe tiyo, na jera komai a jaka, na ɗora tef ɗin awo a sama. A bakin ƙofa muka yi kiciɓis da Umma. Ta miƙa hannu ta ɗaga jakar ta ji nauyinta.

"Tef ne ya yi nauyi haka?"

Na sunkuyar da kai.

"In ya fasa, kada ki zo min nan da kuka." Ta saki jakar. Har na taka sai ta jawo ni, ta gyara min mayafin da ya karkace a kafaɗa, ta daɗe tana gyara abin da ya riga ya gyaru. "Allah Ya kiyaye hanya," ta ce, ba ta kalle ni ba.

Mun same shi shi kaɗai, ma'aikata sun tashi. Gidan duk ƙurar siminti, bango a tsattsage an bi da bututun waya, wayoyi ja da baƙi suna reto daga sama. Yana cikin kayan aiki, alli a bayan kunne. Ya gaishe da Yaya har da rusunawa, ya ce in ya san za mu zo ai da ya sa an share. Yaya ta samu bulo a falo ta zauna ta ce ƙafarta ke ciwo, mu je mu yi awonmu tana hango mu.

A ɗakin kwanan na kife wani bokitin fenti na ɗora jakar.

"Injiniya, akwai wuta a gidan nan?"

"Akwai ta aiki. Me za ki yi?"

"Jawo min."

Ya jawo doguwar wayar da suke aiki da ita ya miƙo min, yana kallona da alamar tambaya. Na zuge jakar. Na fito da injin, na haɗa tiyo, na jona. Sannan na faɗa masa komai, ban tsallake ko ɗaya ba: minsharin, tsayawar numfashin, allurar, gwajin, layukan kumatu. Bai katse ni ba. Da na gama na zame mayafina zuwa wuya, na bar ɗankwali, na sa takunkumin a gabansa na ɗaure, na kunna.

'Yan'uwa, na sha jin kunya a rayuwata, amma ban taɓa jin irin ta yau ba. Ina tsaye a ɗakin aurena da tiyo tana reto daga hancina, ba halin magana don iska za ta kwararo, sai ido. Shi ma idon ya zuba min. Bai yi dariya ba, kuma da ya yi da ya fi min sauƙi.

Ya durƙusa ya ɗaga injin ya karanta rubutun da ke ƙasansa. "Ba ya cin wuta sosai," ya ce, kamar da kansa yake magana. "In aka ɗauke wuta fa?"

Na kashe na cire. "Sai ya tsaya. In farka."

"Tun yaushe?"

"Tun ciwon yatsan nan."

"Tun yatsa." Ya gyaɗa kai a hankali. "Ni na riƙa kai ki wankin ciwon. Ina waje a mota ina jiranki, ashe ke kina ciki ana wannan maganar."

"Tsoro na ji."

"Tsorona?"

"Tsoron ka fasa."

"Haka kika ɗauke ni?" Bai ɗaga murya ba. "Kin san abin da na yi ta saƙawa a raina kwanakin nan? Har kunyar kaina nake ji yanzu."

"Ka yi haƙuri."

Ya share ƙurar da ta hau injin da gefen hannunsa. Can ya ce, "Sake sawa ki kunna."

Na sa na kunna. Ya matso daidai inda kan gadon zai kasance, ya jingina da bango ya rufe ido. Saurare yake yi. A gidanmu, da fanka da hayaniyar maƙwabta, ban taɓa jin ƙarar injin nan sosai ba. Amma a wannan ɗakin da babu komai, a ƙarshen layin da ko mota ba ta bi, sai na ji shi tar: shiii in na ja, huuu in na saki, ga 'yar iskar da ke fita ta ramukan takunkumin ba tsayawa. Ina kallon goshinsa yana tattarewa a hankali, yana ƙoƙarin sakewa, yana sake tattarewa.

Ya buɗe ido, na kashe.

"Kowane dare?"

"Kowane dare."

"Zuwa yaushe?"

"Sista ta ce mai yiwuwa muddin rai."

Ya ja dogon numfashi. "Lafiyarki ta fi komai, Telata. Ko da wasa kada ki sake ki kwana babu shi, kin ji? Ko Umma ce ta ce."

Hawayen da nake riƙewa suka zubo. Ya zaro allin daga bayan kunnensa, ni kuwa na matsa gefe na ba shi wuri a jikin bangon, zuciyata tana ta hamdala.

Sai ya wuce ni.

Ya fita daga ɗakin, ya tsallaka ɗan lungun, ya shiga ƙaramin ɗakin da ya ce na kekena ne. Na bi shi, takunkumin yana hannuna. Ya durƙusa a jikin bangon da ke kallon taga ya zana ɗan akwati, ya ja layi daga nan har sama, a nutse, layin a miƙe kamar da abin awo ya ja shi.

"Nan zan haɗa miki kai tsaye da batir," ya ce, bai juyo ba. "Ko an ɗauke wuta ba zai tsaya ba. Zan sa biyu ma, ko ɗaya zai lalace. Keken sai mu kai shi falo. Madaidaicin gado zai shiga nan, har da 'yar durowar da za ki ɗora shi."

"Injiniya…"

"Ina hawa soro, Telata, ina taɓa wuta da hannuna. In ban yi barci ba kin san abin da zai iya faruwa, ke ma a kan keke kika gani." Muryarsa a sanyaye, ba faɗa ba gori. "Ai ba nisa, taku kaɗan ne. Ƙofa ma ba sai an rufe ba."

Bai ƙi ni ba, bai zage ni ba, ko kallon banza bai yi wa injin ba. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, shi ya sa ya fi ciwo. Daga falo ina jiyo Yaya tana raɗa a waya, ita da rabin maganar kawai ta ji: "Umma, ki kwantar da hankalinki, wallahi bai fasa ba. Ga shi can ma yana zana mata wurin jonawa."

Ya ɗago ya kalle ni, idonsa ya yi ja, ko ƙura ce ko wani abin ban sani ba.

"Ta wane gefe kike son kan gadon naki?"

Naki, ya ce.

Na naɗe tiyo na mayar jaka, na ce masa kaina ke ciwo, tagogin ma ban auna ba. Yanzu haka ina ɗakina, Umma tana falo tana ta kiran 'yan'uwa ana maganar biki da murya mai daɗi, rabon da in ji ta haka tun kafin injin ya shigo gidan nan. Ya turo min hoton bangon da zanen allinsa, a ƙasa ya rubuta, "Dama ko hagu?"

Har yanzu ban ba shi amsa ba, birkila kuwa da sassafe zai zo.